Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Sashen Ilimin Musulunci na Yankin Ashanti Kan Yadda Ake Koya wa Yaranmu Manyan Kalmomin Turanci

Zuwa ga Manajan Sashen Ilimin Musulunci na yankin Ashanti, da hedimastocin makarantun da ke ƙarƙashinsa, da 'yan'uwana malaman Turanci.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku sannu da ɗawainiyar 'ya'yan jama'a. Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya sa albarka a cikin abin da kuke shukawa.

Ranka ya daɗe Manaja, ni malamin Turanci ne a nan Kumasi, a ƙasar Ghana. Da rana ina aji, da yamma kuma ina zama da yaran unguwa masu shirin jarabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare da WASSCE ta kammala babbar sakandare, yawancinsu daga Aboabo da Asawase da Sawaba da Akwatia Line. Na rubuto da Hausa ne domin ina so iyayen yaran nan su ji maganar, ko da karanta musu za a yi. Su ne suke biyan kuɗin darasin yamma, su ne kuma suke kwana da baƙin ciki ranar da sakamako ya fito. Kukana a kan yadda muke koyar da manyan kalmomin Turanci ne. Muna ɗura wa yara kalmomi suna haddacewa, ba ma nuna musu inda ake sa kowace kalma da inda ba a sa ta, sannan mun hana su taɓa harshen da zai sa su gane.

Ku karɓi littafin rubutun ɗalibin aji uku a JHS, wato ƙaramar sakandare, ko na babbar sakandare, ku buɗe shi ta baya. Za ku tarar da shafi an ja masa layi a tsakiya. Ta hagu manyan kalmomi ne a jere, ta dama kuma ma'anarsu. Ubiquitous, a gabanta an rubuta omnipresent. Exacerbate, a gabanta aggravate. Ephemeral, a gabanta transient. Yaro bai san ta hagu ba, bai san ta dama ba, an fassara masa duhu da duhu. Bayan sallar isha'i zai zauna yana ta bita yana rangaji, ranar Juma'a a yi gwaji ya cinye duka, malam ya ɗauki jan biro ya rubuta masa yabo. Da yake yaran Zango da hadda suka buɗe ido, wannan ba ya ba su wuya ko kaɗan, kuma shi ya sa cutar take ɓuya. Maki yana kyau, malam yana murna, gida ana murna. Sai ranar da aka ce yaro ya rubuta wasiƙa ko insha'i da kansa asiri yake tonuwa.

Akwai wata yarinya mai ƙwazo, wadda ba ta fashin aji. An ce su rubuta game da mutumin da suke so su yi koyi da shi, sai ta zaɓi kakarta, tsohuwar ungozoma da ta karɓi haihuwar yawancin yaran layinsu. Ta rubuta cewa kakarta notorious ce a duk faɗin unguwa. A littafinta an rubuta mata cewa notorious daidai take da famous, wato sananne. Ba wanda ya gaya mata notorious sanin mugun hali ne, irin wanda ake yi wa ɗan fashi ko mazambaci. Ta tashi yabon kakarta ta ɓuge da zaginta, ba ta sani ba. Na kira ta na tambaye ta da Hausa, "Hajiya suna ta yi a unguwa, ko ƙaurin suna ta yi?" Sai ta rufe baki da hannu ta ce, "Subhanallahi, Malam!" Nan take ta gane, ban ƙara mata ko kalma ɗaya ba.

Kama da wane ba ta wane. Mu da kanmu muna da mutu, da rasu, da riga mu gidan gaskiya, da wafati. Ɗan shekara bakwai a Zango ya san ba a cewa akuya ta rasu, ya kuma san in ya ce limamin unguwa ya mutu a gaban manya za a harare shi. Ba wanda ya rubuta masa wannan a bayan littafi. Ji ya yi ana faɗa, a bakin mutanen da suka dace, a wurin da ya dace, har ya zauna masa. Turanci ma haka yake. Die ta kowa da kowa ce, pass away ta ladabi ce, demise ta jarida ce da sanarwar rasuwar manya, perish kuwa halaka ce a gobara ko haɗari ko yunwa. Slim yabo ne ga siririn mutum, skinny ta fi kusa da kushe. Thrifty mai tattali ne, stingy marowaci ne. Economic ta shafi tattalin arzikin ƙasa, economical kuwa abin da ba ya cin kuɗi da yawa ne. Wanda ya haddace su biyu-biyu a matsayin abu ɗaya zai yi ta ɓata wa mutane rai da kyakkyawar niyya.

Bayan nauyin kalma, akwai kuma abokan tafiyarta. Commit, a ma'anarta ta aikatawa, da laifi take tafiya: kisa, zamba, sata. Yaron da aka ce masa commit na nufin aikata, zai rubuta cewa mahaifinsa ya commit alheri ga marayu, kuma a lissafinsa bai yi kuskure ba. Comply da abide da adhere duk bin doka ne, amma kowace da 'yar rakiyarta: comply with, abide by, adhere to. Ana cewa accuse of, amma charge with. Discuss ba ta ɗaukar about, ko da yake kullum muna jin ana lanƙaya mata a rediyo. Waɗannan 'yan ƙananan kalmomi ba sa samun wuri a shafin nan mai layi a tsakiya, alhali su ne mai duba jarabawa yake fara kamawa.

Tunda mun zo kan jarabawa, hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952 kuma hedikwatarta ke Accra, ba ta ɓoye abin da take nema ba. A sashen karanta labari da amsa tambayoyi, kan zaɓo kalmomi daga cikin labarin a ce ɗalibi ya kawo wata kalmar da za ta iya maye gurbin kowace, daidai da yadda aka yi amfani da ita a wurin. Nan hadda take ƙarewa. Yaro ya san grave kabari ne, sai ya tarar da grave mistake, wato babban kuskure mai haɗari. Ya san sound ƙara ce, sai ga sound advice, shawara ingantacciya. Ya san novel littafin labari ne, sai ga novel idea, sabon tunani. Ya san address adireshi ne, sai a ce gwamnati ta address matsalar ruwa. Ba ko ɗaya a cikinsu da ke da tsawo ko wuyar furtawa, amma su ne suke kayar da yaranmu. Kun kuma san sharaɗin shiga jami'a: in ɗalibi bai samu aƙalla C6 a Turanci ba, ƙofa a rufe take, ko da jami'ar KNUST tana nan kusa da mu, trotro ɗaya ne tsakani. Yara nawa muka gani sun ci sauran darussa da kyau, Turanci ya riƙe musu ƙafa, suna ta komawa jarabawar Nov-Dec ta masu sake gwadawa, iyaye suna ta biya, har wasu su haƙura su kama sana'a da takaici?

Abin bai tsaya a takardar Turanci ba. Tambayoyin kimiyya da na zamantakewa duk da wasu kalmomin umarni suke farawa: state, outline, distinguish, deduce, justify, account for. Ɗalibin da ya ga account for ya ɗauka lissafi ake nema, alhali dalili ake so ya bayar, ya faɗi tambayar tun kafin ya ɗora biro, ko da ya san amsar sarai. A shekarar 2000 wata malama a New Zealand, Averil Coxhead, ta tattara littattafan jami'a na fannoni daban-daban ta fitar da jerin kalmomi 570, kowace da danginta, waɗanda suka fi yawan fitowa a rubutun ilimi. Kusan kalma ɗaya cikin kowace goma a irin waɗannan littattafai daga wannan jeri take. In kuka duba abin da ke ciki za ku ga analyse, assume, establish, factor, interpret, significant, evident, derive. Ba kalmomin burge jama'a ba ne a filin muhawara. Kalmomin aiki ne, waɗanda ɗalibin likitanci da na injiniya da na shari'a duk zai yi karo da su a kowane shafi. Mu kuwa mun bar su mun tafi neman waɗanda suka fi cika baki. Masu bincike kan koyon harshe, irin su Paul Nation, sun nuna cewa mai karatu yana bukatar sanin kusan kalmomi 98 cikin 100 na rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba. Don haka kalmomin da suke yawan dawowa su ya kamata a fara cikewa.

Ranka ya daɗe, abin da ya fi ci mini rai ba a aji ya faru ba. A gidajenmu na Zango ɗan makaranta shi ne tafintan gida. Duk takardar da ta shigo, daga asibiti, daga banki, daga kotu, daga mai gidan haya, shi ake miƙa wa a ce karanta mana. Wata baiwar Allah a unguwarmu, mai sayar da hatsi a kasuwa, ta shiga rancen ƙungiya tare da wasu mata a wani kamfanin bayar da bashi. Aka ba su takarda su sa hannu. Ta kawo gida ta ba ɗanta, ɗan ajin ƙarshe a sakandare, yaron da ake ji da shi a Turanci. A cikin takardar an ce matan sun ɗauki nauyin bashin jointly and severally. Yaron ya saba jin ana cewa severally da nufin sau da yawa, tunda haka ake amfani da ita a bakin mutane a nan ƙasar. Sai ya ce wa mahaifiyarsa ma'anarsa za su biya tare, kashi-kashi, ba a lokaci ɗaya ba. Ta dangwala yatsa hankalinta kwance. A harshen shari'a kuwa, wannan magana tana nufin ana iya kama kowace ɗaya daga cikinsu ita kaɗai a ce ta biya bashin gaba ɗaya. Da biyu daga cikin matan suka kasa biya, ƙofar wannan baiwar Allah aka zo aka buga, domin ita ce mai rumfa tsayayya da kaya a ƙasa. Na ga yaron bayan haka. Ya kasa haɗa ido da uwarsa, yana ganin shi ya jefa ta. Ni kuwa ban ga laifinsa ba. Yaron da ya iya rubuta ubiquitous ba kuskure, mun yaye shi bai san guarantor da collateral da default da arrears ba, bai san principal a takardar bashi uwar kuɗi ce ba, interest kuma kuɗin ruwa.

Haka abin yake a asibiti. Positive a takardar gwaji yawanci ba albishir ba ne, negative ita ce ake yi wa hamdala. Benign ƙari ne marar cutarwa, malignant mai yaɗuwa ne. Chronic ciwo ne mai daɗewa, acute mai tasowa farat ɗaya da zafi. A kotu akwai remand da adjourn da surety da acquit. Waɗannan su ne manyan kalmomin da rayuwar mutanenmu take rataye a kansu, kuma ban taɓa ganinsu a bayan littafin wani ɗalibi ba.

Abin takaici shi ne maganin yana hannunmu, mu musamman, fiye da kowace makaranta a ƙasar nan. A 1066 Normawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na kotu tsawon ƙarnuka, Latin kuma shi ne harshen coci da na ilimi. Shi ya sa Turanci yake hawa-hawa. Akwai kalmar gida ta talaka, akwai ta fada, akwai ta malamai: ask, question, interrogate; rise, mount, ascend; kingly, royal, regal. Buy ta kasuwa ce, purchase ta takarda. Begin ta kowa ce, commence ta taro. Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba, domin abin da Latin da Faransanci suka yi wa Turanci shi Larabci ya yi wa Hausa. Kalmominmu na shari'a da addini da ilimi daga can suka zo. Kuma yaron da ya zauna gaban malam ya ɗanɗana sarafu ya riga ya san sirrin saiwa. Ya san hukunci da hukuma da hikima da hakimi daga tushe ɗaya suka fito. Ya san shaida da shahada da shahidi 'yan gida ɗaya ne. To me zai hana a nuna masa cewa manyan kalmomin Turanci ma da saiwarsu? Bene alheri ne, daga nan aka samu benefit da benevolent da benign. Mal sharri ne ko ɓaci, ga malice, ga malnutrition, ga malignant, har malaria ma daga mugun iska sunanta ya samo asali a harshen Italiya. Port ɗauka ne, ga import da export da transport da portable. Dict faɗa ne, ga predict da verdict da contradict. Cred yarda ce, ga credit da creditor da credible. In na koyar da wannan a darasin yamma na fara da misalin hukunci da hikima, sai in ga yaran da suke gyangyaɗi sun miƙe zaune, don an taɓo abin da suka sani, an kuma nuna musu cewa abin da suka koyo a makarantar allo yana da daraja a ajin boko.

Ku dubi kuma yadda malamanmu na zaure suke karantar da Ahlari da Ishmawi da Iziyya da Risala. Almajiri ya karanto kalma ko gaɓa da Larabci, malam ya ba shi da Hausa, ya tsaya ya warware, ya kawo misali, in akwai wata ma'anar a wani wuri ya faɗa. Ba a wucewa sai an gane. Da wannan hanya aka samu malamai irin su Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce da waƙoƙi da Larabci da Hausa waɗanda har yau masana suke nazari. Ba wanda ya ce fassara da Hausa ta raunana Larabcinsu. An kafa sashenku a 1987 ne domin a haɗa karatun addini da na boko a inuwa ɗaya. Amma a makaranta ɗaya, malamin Larabci zai shiga aji ya fassara da Hausa yara su gane, ya fita, malamin Turanci ya shigo ya nuna rubutun da ke jikin bango cewa an hana yaren gida, wanda ya yi a ci shi tara ko a zane shi. Yaron da bai gane ba sai ya yi shiru, don tambayar ma ba zai iya haɗa ta da Turanci ba. Shirun nan muke ɗauka ganewa ne.

Na san akwai masu cewa jarabawa da Turanci ake yin ta, don haka a bar yaro ya nutse a cikinsa. Ina tare da su a kan cewa yaro ya ji Turanci da yawa, ya karanta da yawa, ya yi magana da shi kullum. Ban ce a mayar da darasin Turanci darasin Hausa ba. Minti ɗaya nake roƙo, lokacin da sabuwar kalma mai nauyi ta fito, a tambayi yaro, "In za ka gaya wa kakarka wannan, me za ka ce?" In ya iya, ya mallaki kalmar. In ya kasa, to haddace ta kawai ya yi. Ƙasar nan ta gwada hanyar Turanci zalla tun daga aji ɗaya a 2002, daga baya aka dawo aka ce a fara da harshen gida a ƙananan azuzuwa. A watan Oktoban 2025 ma Ministan Ilimi, Haruna Iddrisu, ya sake jaddada cewa a koyar da yara da harshen uwa a matakin farko.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ku ne kuka fi cancanta ku kai ta sama: wane harshen uwa za a yi wa ɗan Aboabo? Cikin harsunan da gwamnati ta amince da su a makarantu akwai Twi na Asante da na Akuapem, da Fante, da Ewe, da Ga, da Dangme, da Nzema, da Dagbani, da Dagaare, da Gonja, da Kasem. Babu Hausa a ciki, alhali gidan rediyon ƙasa, GBC, ya daɗe yana karanta labarai da Hausa, kuma sashe na 39 na tsarin mulkin 1992 ya ɗora wa gwamnati raya harsunan Ghana. Ina girmama Twi, harshen masu masaukinmu ne kuma maƙwabtanmu, yaranmu da yawa suna jin sa kamar 'yan gida. Na kuma san ba duk ɗan Zango ne Bahaushe ba. Akwai Dagomba da Mosi da Wangara da Zabarmawa da Kotokoli da Fulani da Yarbawa da sauransu. Sai dai in suka haɗu a bakin famfo ko a filin ƙwallo ko a wurin wa'azi, da Hausa suke magana. In a wani aji Twi ne ya fi yawa, a yi da Twi. Abin da nake nema shi ne a buɗe wa yaro kalma da harshen da yake tunani da shi.

Ga abin da nake roƙo, kuma yawancinsa ba ya bukatar jiran Accra. Ku fitar da takarda zuwa ga hedimastoci cewa an daina hukunta yaro don ya yi tambaya da harshen gida a kan abin da bai gane ba. Inda aka turo malamin da ba ya jin Hausa, kuma suna da yawa, masu ƙoƙari ne, sai ya bar yaran da suka gane su warware wa 'yan'uwansu, shi kuma ya tabbatar da Turanci cewa an dace. Ku hana rubuta kalma tsirara a allo. Duk kalmar da za a koyar ta zo a cikin jimla, da 'yar rakiyarta, da bayanin ko ta yabo ce ko ta zargi, ta takarda ce ko ta hira. Kalma biyar a mako da yaro zai iya sarrafawa sun fi hamsin da zai rera.

Sai maganar ƙamus. Ajin da babu ƙamus a cikinsa bai kamata a ce ana koyar da Turanci a ciki ba, kuma ba kowane ƙamus ba. Ƙananan nan na aljihu da ake sayarwa a bakin titi a Kejetia da Adum, masu ba da kalma ɗaya a gaban kalma ɗaya, su ne uwar shafin nan mai layi a tsakiya. Akwai ƙamus da aka yi musamman don wanda Turanci ba harshensa ba ne. Na Oxford wanda A. S. Hornby ya tsara, da ya fito a 1948 ake kuma ta sabunta shi, yana kawo misalan jimla da abokan tafiyar kowace kalma. Na Longman yana bayyana kowace kalma da sauƙaƙan kalmomi kusan 2,000 kawai, ta yadda bayanin ba zai fi kalmar wuya ba. Na Turanci zuwa Hausa ma akwai, na Neil Skinner tun 1965, da na Roxana Ma Newman na 1990. Kada a ce ai komai yana cikin waya. A makarantun kwana ba a yarda ɗalibi ya riƙe waya ba, a gida kuma wayar ta uwa ce, tana kasuwa da ita. An kafa Asusun Raya Zango da doka a 2017, ilimi kuma yana cikin abin da aka ce zai yi. Ku rubuta musu da sunan sashenku. Ku je wa attajiranmu da suke gina masallatai, Allah ya karɓa musu, ku nuna musu cewa akwatin littattafai a aji ma sadaka ce mai gudana.

Kalma ba ta zama a kai sai an yi ta karo da ita a wurare daban-daban, kuma karatu ne kaɗai yake kawo wannan. A ware lokaci a mako wanda ba a yin komai sai karatu, ko da tsofaffin Daily Graphic da Junior Graphic ne aka tara. A kai yara ɗakin karatu na yankin Ashanti da ke wajen Cibiyar Al'adu, a yi musu rajista, don da yawansu ba su san akwai shi ba. A kawo takardun gaske cikin aji, fom ɗin banki, yarjejeniyar haya, takardar magani, a goge sunaye, a zauna a warware su kalma-kalma. Malaman Larabci da na Turanci kuma su zauna tare ko sau ɗaya a zangon karatu, su ga inda sarafu zai taimaki koyon Turanci. Kwalejin horar da malamai ta Al-Faruq da ke Wenchi wuri ne da ya dace a fara shuka wannan tun kafin malami ya shiga aji.

Iyaye, ku ma ina da magana da ku, cikin girmamawa. Na san daɗin da kuke ji in yaro ya tashi a taron makaranta ya zubo Turancin da ba wanda ya gane, ana tafi. Kun sha wahala a kansa, dole ku ji daɗi. Amma babbar kalma kamar babbar riga ce, tana da ranarta, wanda ya sa ta ya shiga gona bai san darajarta ba. In ya dawo gida ku ce ya faɗa muku da Hausa abin da ya ce. Ba sai kun iya Turanci ba kafin ku yi wannan gwaji. In ya warware muku tiryan-tiryan, ku sa masa albarka. In ya tsaya yana kame-kame, ku zo makaranta ku tambaye mu, haƙƙinku ne.

Ranka ya daɗe Manaja, ni da wasu 'yan'uwa malamai mun fara tattara kalmomin jarabawa da na asibiti da na banki da na kotu, kowace da jimlarta da bayaninta da Hausa. Aikin ya fi ƙarfinmu mu kaɗai, yana kuma bukatar idon malaman Larabci da na ma'aikatan lafiya da lauyoyi daga cikin 'ya'yan Zango, don kada mu gyara kuskure da kuskure. Muna roƙon ku kira zama kafin a koma sabon zangon karatu, ku gayyato hedimastoci da wakilan iyaye. Za mu zo da abin da muka tara, da littattafan yaran, bayan mun rufe sunayensu, ku duba da idonku.

Allah ya yi mana jagora, ya raya mana zuri'a. Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin Turanci,
Aboabo, Kumasi.